Wayar Eriyar Doña Herminia

Ranar Asabar da ƙarfe ɗaya za a nuna Yocasta tana waƙa a talabijin daga babban birni, sau ɗaya tak. Ubanta Don Eleuterio kuwa yana gonar rake, shugaban masu sara ya ce ko uwarsa za a nuna ba zai sake shi ba. Shi ya sa matarsa Doña Herminia, telar unguwarmu, ta aro bidiyo da kaset don a ɗaukar masa.

Ƙanin mijin, Fulgencio, shi ya karɓe aikin. Wannan da ya taɓa gyara fanka ɗaya yake ta ba da labari shekara shida. Ya jona, ya gwada ɗauka, aka kunna: sai yashi da shuu.

"Bidiyon ne ya lalace, matar Yaya."

"Jiya lafiyarsa lau, sai da ya gan ka," in ji maƙwabciya Casilda, tana soya ayaba a kicin ɗin da ba nata ba.

Saura minti ashirin. Herminia ta maƙala tabarau, ta durƙusa bayan talabijin da allurai a bakin rigarta. Rubutun jikin injin ba yarenta ba ne, ba ta ko kalle shi ba. Waya ta kama tun daga taga, tana bin ta da yatsa yadda take bin zare a keken ɗinki.

"Fulgencio, wayar eriya ina ta shiga?"

"Talabijin mana."

"To shi bidiyon me zai ɗauka, fuskarka? Ai ka tsallake shi. Ta cikinsa za ta bi tukuna."

Ta kwance wayar da bakin almakashi, ta sa a ramin da kibiya ke nuna ciki, ta ja wata daga ɗaya ramin zuwa talabijin, ta murɗa zuwa tasha ta uku. Hoto ya fito, amma yana rawa, don iska na kaɗa gorar eriya.

"Hau rufi ka riƙe ta, ƙanina."

"Da tumbin nan? Kwano zai lotsa!" Casilda ta ce.

Haka ya hau, Herminia na ƙwala masa kira daga ɗaki. "Dama! Ya yi yawa, dawo! Tsaya nan, ko numfashi kar ka yi!"

Yocasta ta fito cikin jar rigar da uwar ta ɗinka. Matan unguwa da suka zo kallo suka kaure da ihu, Herminia kuwa ba ta ma kalli 'yarta sosai ba, idonta na kan jar fitilar bidiyo har waƙa ta ƙare.

Da yamma Eleuterio ya shigo, baƙin tokar rake har gira. Bai wanke hannu ba, bai taɓa shinkafa da waken da aka ajiye masa ba. Ya kalli kaset ɗin a tsaye, hula a ƙirji. Mutumin da ko a jana'izar uwarsa ba a ga hawayensa ba, sai ga shi yana share ido, yana ɗora wa hayaƙin kicin laifi.

"Herminia," ya ce, "mayar min baya."