Kujerar Kawu Peniasi

Torika ta tura ƙofar falon masaukin baƙin mahaifiyarta, ta tsaya cak da jaka a kafaɗa. Falon wayam. Ba kujerun kabar da ta sa aka saƙa, ba fitilun da ta yi da ƙoƙon kwakwa, ba labule. Sai ƙusoshi a bango da shatin ƙafafun teburi a ƙasa.

Falon nan shi ne aikinta na shekarar ƙarshe a kwalejin koyon ƙawata ɗakuna da ke Suva, babban birnin ƙasar. Hutun da ya wuce kaf a nan Savusavu ta ƙarar da shi, tana awo tana fenti. Yau da la'asar malamarta za ta sauka daga jirgin ruwa ta duba aikin ta ba da maki. In ta faɗi sai maimaita shekara, kuma otal ɗin da ya yi mata alkawarin aiki ba zai jira ta ba.

"Mama! Ɓarayi ne suka shigo?"

Mahaifiyarta Vasiti ta leƙo daga kicin da rogo a hannu. "Wane irin ɓarayi? Dangi ne. Kerekere suka yi."

A wajenmu in ɗan'uwa ya buɗe baki ya ce kerekere ya roƙi abu, ba a ce masa a'a. Ko rigar jikinka ce, sai ka cire kana murmushi, ka je gida ka yi kukanka.

"Labulen, matar fasto," in ji Vasiti. "Fitilun, masu biki. Kujeru da teburi kuma kawunki Peniasi. Shi da babbar mota ya zo."

"Da mota? Wato tun daga gida ya san amsar."

"Yayana ne, Torika. In ce masa me?"

Torika ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Can ta share ido, ta ce, "Yayanki ne, ko?" Sai ta fara murmushi.

"Ni fa ba na son murmushin nan," in ji uwar.

Ita dai Torika vasu ce a gidan Peniasi, wato 'yar ƙanwarsa. Tun kaka da kakanni, abin da vasu ta ɗora wa hannu a gidan kawunta ya zama nata, ba roƙo ba godiya. 'Yan zamani sun kusa mance wannan, kuma ba wanda ya kai Peniasi mita a kan yaran da suka watsar da al'ada.

Babbar motar da kawun ya yi haya, ita Torika ta ɗauka ta nufi gidansa. Ta same shi a baranda, ya miƙe ƙafa a tsohuwar kujerarsa ta katako, abokansa sun baje a kan kujerunta na kaba. Ta gaishe su da ladabi, ta wuce ciki. Ta fito da manyan tabarmin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado, ta sauke zanen ɓawon itacen da ke bango, ta haɗa da babban akushin da ake dama kava, abin shan dattawa, a ciki.

"Ke! Ba kujerunki kika zo ɗauka ba? Ga su nan!"

"Haba Kawu, a ba da abu a karɓe? Ai abin kunya ne. Kai ka koya mana." Ta dafa hannun kujerarsa. "Ɗan tashi, Kawu."

"Wannan ta mahaifina ce!"

"Kakana ke nan."

Abokan suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Ba kai ke cigiyar al'ada ba, Peniasi? To ga ta har gida, da mota."

Ya tashi, amma ya ɗale bayan motar ya bi kujerarsa. Lissafinsa mai sauƙi ne: malama na tafiya, zai yi wa ƙanwarsa kerekere ya dawo da abinsa.

Torika na gama jera kayan a falon, malamarta ta iso. Malama Kelera mace ce da ba ta yabo sai dole. Ta cire takalmi, ta zagaya falon a hankali, ta shafa tabarmin, ta tsaya gaban zanen.

"Wannan ba shi ne tsarin da kika nuna mini ba."

Malamar ta sake duban tabarmin.

"Wancan kamar ɗakin jiran likita yake. Nan kuwa baƙo zai shigo ya ƙi fita. Kin ci."

Aka kawo shayi da burodi, kuma kamar yadda aka saba, kafin shayin ya huce an gano cewa kakar malamar 'yar ƙauyensu ce. Peniasi ma ya fi kowa zaƙewa wajen tono zumuncin, har yana kiranta ƙanwata.

Malamar ta jingina a kujerar katakon, ta lumshe ido. Ta ce tun da ciwon baya ya kama ta ba ta zauna ta ji daɗi irin na yau ba. Ta shafa hannun kujerar, ta sake shafawa.

"Torika, 'yata," ta ce a hankali, "kerekere."

Shayi ya sarƙe Peniasi. Torika ta jira har tarin ya lafa.

"Taki ce, Malama. Kawu ma zai kai miki ita bakin jirgi."

Da kansa ya ɗora ta a ka, yana murmushi har bakin ruwa. Kukan sai da ya je gida.