Asabar a Bargar Oom Gawie

"Ku fitar da ni," in ji Oom Gawie, wato Kawu Gawie. "Ba zan mutu a ɗakin doki ba."

Ni da matarsa Tant Sarie, wato Inna Sarie, muka cicciɓo shi daga gado zuwa kujera. Tsohon ya ƙare, sai ƙashi da tari. Bango ɗaya ya raba ɗakinsu da nawa a tsohuwar bargar gonar inabin nan. Da masu gonar suka sayar da dawakai, sai aka shafa farar ƙasa, aka ja wuta, aka zuba mu tsofaffin ma'aikata a ciki. Wai kayan tarihi ne, ko ƙusa ba a bugawa. Taga tana can sama kusa da rufi, zoben ɗaure doki na nan a bango, Sarie na rataya tawul a kai. A ɗakin nan Gawie ya yi ƙuruciya yana kwasar kashin doki, a nan kuma aka ce ya tsufa.

Mun kai shi bakin ƙofa ke nan sai ga kiɗa. Ashe Asabar ce. Duk Asabar 'yan birni na zuwa biki a gonar, kuma gaban bargarmu suke so a hoto, saboda farin bangon. Doka kuwa mun haddace ta: a kwashe shanya, a rufe ƙofa, kada a ga kowa sai baƙi sun tashi.

Na kama sakata zan zare, Gawie ya riƙe mini siket.

"Bari su gama, Lenie."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa mutum yana jayayya da numfashi, ina ruwansa da hoton amarya? Na ce in korata za su yi, su kore ni, dama ba aljanna aka ba ni ba. Ya yi 'yar dariya, ya ce tun ina budurwa bakina ke gaba da hankalina. Na juya wajen Sarie neman goyon baya, sai na tarar ita ma ta ja kujerar baya kaɗan, kada inuwarsa ta fita ta ƙasan ƙofa.

Haka muka zauna a duhu, rana tsaka. Mai hoto na ta faɗin a matso, a yi murmushi. Wata ta jingina da ƙofarmu, har ƙamshin turarenta muke ji. Gawie ya tambaya ko rana ta iso gindin bishiyar tsakar fili, na ce ta iso. Ya ce to, saura kaɗan.

Baƙin ba su tashi ba sai da yamma. Kafin nan rai ya yi halinsa, Sarie ta rufe masa idanu.

Manajar gonar, Elmarie, ta zo da ragowar kek a faranti. Da ta gani, sai hawaye.

"Haba, Tant Lenie, da kun fito da shi mana. Wa zai hana ku?"

Gaskiya ta faɗa, ba wanda zai hana mu. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Sarie ta miƙe. Ta kama hannun kujera ɗaya, na kama ɗaya, muka fitar da shi gindin bishiyar. Rana ta riga ta faɗa bayan dutse, ma'aikata na naɗe rumfa. Ta gyara masa bargo a gwiwa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.