Nauyin Orozali

Wasiyya ɗaya tak Orozali ya bari: a binne shi a kan tudu, kusa da mahaifiyarsu. Sai ga shi ya rasu ana tsakiyar sanyi, dusar ƙanƙara har gwiwa. Dama can bai taɓa sauƙaƙa wa ƙanensa Saginbek komai ba.

Saginbek ne mai tarakta a ƙauyen. Da safe ya shimfiɗa sarƙoƙi a ƙasa, ya taka su da manyan tayoyin baya, ya naɗe tayoyin da su don kada su zame a ƙanƙara, ya maƙala ƙugiyoyi da yatsun da sanyi ya kashe. Aka ɗora gawar a amalanke, naɗe cikin bargon ulu, aka ɗaura wa tarakta. Masu rakiya tsofaffi ne zalla, don samari duk suna Rasha neman abinci, babu kafaɗar da za ta hau tudu da makara.

A tsakiyar hawa tarakta ta ce atafau. Tayoyi na juyawa a banza, sarƙa na feshin ƙanƙara, amalanke na janyo ta baya.

"Bayanta ne ba nauyi," in ji liman Kanibek. Shi da wani dattijo suka haye katakon da ke bayan kujera.

"Haba Malam, ku biyun nan ai ko tunkiya ɗaya ba ku kai ba," in ji Saginbek. Ya ƙara mai. Ko gezau.

Wani ya ce, "A haƙura mana, a sa shi a maƙabartar bakin hanya."

Ran Saginbek ya ɓaci. Ya waiwaya, bakinsa ya riga tunaninsa: "Yaya, kana ina ne? Zo ka hau!" Shekara da shekaru haka suke yi. In tarakta ta kafe, Orozali ya haye baya da uban tumbinsa, yana ta yi masa tsiya wai bai iya tuƙi ba, sai ta wuce.

Saginbek ya kifa kai a kan sitiyari, kukan da ya ƙi zuwa tun jiya ya ƙwace masa.

Da ya lafa, ya sauko ya kwance amalanken. "Ku kama mini, mu kawo shi nan."

Liman bai hana ba. Suka kwantar da Orozali a kan katakon, suka ɗaure da igiya. Sarƙa ta kama ƙasa, tarakta ta soma hawa a hankali, tsofaffi na biye. Har suka isa kunnen Saginbek na baya, yana jira a ce masa bai iya tuƙi ba.