Bangon Gabas na Gidan Goro

A Badaguishiri, idan baƙo ya tambayi Gidan Goro, duk wanda ya tarar zai nuna masa. Alhaji Alhasan ne ya gina shi, wani falke da ya taso daga Sakkwato da jakunansa tun zamanin Turawa, ya ga kwarin ya yi masa, ya zauna. Gidan ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Bayan zaure akwai wani soro marar taga da ake kira ɗakin goro. Ko a tsakiyar bazara, wanda ya shiga sai ya ji sanyi a tafin ƙafarsa.

Wannan ɗaki shi ya riƙe cinikin goro a garin. Jikokin Alhaji kan sauke huhuna daga kamiyo, babbar motar kaya ta Ƙonni, 'yan tebur da mata masu talla su zo su sara. Mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da wurin ajiya sai ya bar huhunsa a nan, ya riƙa ɗiba ranar kasuwa. Ba a taɓa karɓar ladan ajiya ba, haka Alhaji ya bar wasiyya.

Autarsa, Tabawa, ita ke kula da ɗakin, tana kusan shekara saba'in. Duk bayan kwana uku takan kwance kowane huhu, ta tsince ɓatattu, ta sake ganye, ta yayyafa ruwa. Ta san huhun kowa da irin ɗaurinsa.

A bazarar 2004, Hafiz, ɗan wanta mai tuƙa motar siminti a Malbaza, ya iso da buhun siminti goma sha biyu da ya saya da guminsa. Ya gaji da ganin ana wahalar yaɓe kowace shekara kafin damina. Nufinsa ya shafe bangon gabas na ɗakin goro, domin nan ruwa ya fi duka.

"Gwaggo, daga bana kun huta da kwaɓa," in ji shi.

"Wa ya ce maka mun gaji?"

"Gwiwarki ta faɗa mini."

"Gwiwata ba ta da baki, kai dai ka cika shisshigi. Wanga bango numfashi shi kai, Hafizu. In ka toshe mishi hanci, mi kake so shi yi?"

Hafiz ya yi dariya. "Gwaggo, bango da hanci? Ki zo Malbaza ki ga gidajen da ko allura ba ta shiga."

Malami, maginin da ya gaji ubansa wajen yi wa gidan yaɓe, ya ƙi karɓar aikin. Ya ce siminti abu ne mai kyau, amma shi da ƙasa ba su zama tare. Hafiz ya ɗauko wani magini daga Dogarawa. Tabawa ta ga yadda yake murna, ba ta so ta kunyata shi a gaban mutane, sai ta ƙyale shi. Cikin kwana biyu bangon ya yi sumul, masu wucewa suna tsayawa suna yabawa.

Ruwa ya sauka sosai a waccan damina. Rana ta tsattsaga simintin, tsaga sirara kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa ta inda zai fita. A watan takwas Tabawa ta dafa bangon daga ciki, hannunta ya dawo da laka. Ta kwance huhunan da ke jingine a wurin, ta tarar da fumfuna ta hau goron. Huhu uku suka ɓaci. Biyu na gida ne, ɗaya na Kande ne, gwauruwar da ke ciyar da 'ya'yanta da faifan goro a bakin tasha.

Tabawa ta cika wa Kande sabon huhu daga na gida, sannan ta kira duk masu ajiya ta gaya musu gaskiya. Kafin la'asar kowa ya ɗauke kayansa. A karo na farko tun da aka gina ɗakin, ya wuni wayam.

Da saƙo ya isa Malbaza, Hafiz ya nemi izini ya zo. Ya tarar da Malami yana ƙwanƙwasa simintin da ɗan yatsa, yana ƙara kamar ganga.

"Ka ji? Ya rabu da ƙasa. In aka ƙara ruwa biyu masu ƙarfi, bangon zai zauna, azara ta biyo shi."

Hafiz ya kasa kallon Gwaggonsa. "Na ɓata muku gida," ya ce a hankali.

Tabawa ta ce, "Ba ka ɓata ba tukuna. Alheri ka nufa, kowa ya sani. Amma hannun da ya sa shi, shi za ya cire."

Hafiz ya tuɓe riga ya ɗauki guduma da kurfi. Malami ya hana shi duka da ƙarfi, ya nuna masa yadda zai ɓamɓare kaɗan-kaɗan daga sama, kada ƙasa ta biyo. Kwana huɗu yana yi, hannunsa duk ya yi bororo. In dare ya yi kusa a rufe bangon da zana, da safe a buɗe wa rana.

Ranar yaɓe, ba a aika wa kowa ba, amma 'yan tebur suka zo da jakuna ɗauke da jar ƙasa. Mata masu talla suka jera tuluna. Kande ta kawo makuba, ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe, da ta jiƙa da kanta, tana tsokanar Hafiz.

"Direba, yau babu sitiyari, sai taka laka!"

"Na ji, Inna Kande. A ƙaro ruwa."

Malami ya bi da tafin hannu yana lailaye bangon, Hafiz na miƙa masa curi.

Sai da aka yi mako uku bangon ya bushe har ciki. Tabawa ba ta kira kowa ba. Ta jingina huhun gida guda ɗaya a wurin, ta bar shi kwana shida, ta kwance a tsakar zaure a gaban masu zuwa sari. Goron ya fito jajur, babu tabo. Kande ta ɗauki ɗaya ta fasa, ta tauna, ta gyaɗa kai. Ta koma gida, can sai ga ta da huhunta a ka.

"Ina zan aje, Hajiya?"

"Wurinki na da," in ji Tabawa. "Can jikin bangon gabas."