Moda Ɗaya ga Mai Ƙishirwa

Shekarar fari, da rijiyoyin garin Isa suka koma laka, wasu Kiristoci masu rabon hatsi suka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, suka haska majigi bayan magariba. Tani ta tsaya kallo da tulu a ka, ruwan da ta wuni a bakin rijiya kafin ta samu. Damina uku ke nan rabonta da ɗanta Gwadabe, tun da ya kora ragowar shanunsu kudu. Ko saƙon baki babu.

A majigin aka ɗaga wani saurayi bisa gicciye, haƙarƙari a waje, leɓe duk ya tsage. Mai fassara ya ce yana kukan ƙishirwa, sojoji kuwa ko a jikinsu. Tani ba ta san sa'ad da ta sauke tulun ba. Ta cika moda, ta ratsa mutane, ta miƙa wa ƙyallen, inuwarta ta rufe rabin hoton.

Aka fashe da dariya. Ƙanenta Malam Almu ya jawo ta gefe.

"Yaya, hoto ne fa! Kuma Annabi Isa ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi. Wani anka kamanta musu."

"Na sani, Malam," in ji Tani, ruwan na bin yatsunta. "To shi wanga da anka kamanta, ba uwa ta haife shi ba? Tana can tana duban hanya, babu mai gaya mata ko an ba shi ruwa."