Bokitin Inna

Tun da Inna ta dawo gidan ɗanta da zama aka hana ta taɓa komai. Ta ɗauki tsintsiya, surukarta ta karɓe. Ta leƙa kicin, a ce, "Inna, ki huta mana." Matar da ta yi shekara talatin tana miƙa wa marigayi mijinta sifana yana gyaran famfo, yau ta zama kayan ado a kan kujera.

Aiki ɗaya ya rage mata, shi ma shawar banɗaki ce ta ba ta. Kan shawar yana ɗiga, ɗal, ɗal, har aka tara masa bokiti. Da yake masu gidan tun safe suke fita aiki, dole aka bar wa Inna kwashe ruwan kafin ya cika. Da shi take shayar da barkonon da ta shuka a gwangwanaye a bakin taga.

Ranar hutu ɗan nata, wanda likitan haƙori ne, ya naɗe hannun riga ya ce yau sai ya ga bayan ɗigar nan. Ya rufe ruwan gidan, ya kama makunnin shawar da filaya yana nishi.

"Likita, a hankali dai," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Wannan ba bakin mutum ba ne, ba zai ce maka wayyo ba."

Ya ciro tsohuwar robar da ta cinye a cikin makunnin, ya jefa a shara, ya sa sabuwa. Ɗiga ta tsaya. Surukar ta kife bokitin ta ce, "Shi ke nan, Inna, kin huta da wahala."

Inna ta dubi bokitin a kife, ta dubi barkononta, ta ce, "Sannu da aiki."

Washegari suna fita ta tono tsohuwar robar daga shara. Ta ciro sifanan marigayi daga ƙasan akwatin zannuwanta, cikin minti goma ta mayar da komai yadda yake a da. Sabuwar robar kuwa ta shiga gwangwanin maɓallai.

Sau uku Likita yana gyarawa, sau uku ɗiga tana dawowa. Matarsa ta fara yi masa tsiya: "Ni mutanen da suke buɗe maka bakinsu nake tausayi." Da abin ya ishe shi, sai ya kira mai gyaran famfo.

Mutumin ya kwance makunnin, ya ɗaga robar a hasken taga. "Ranka ya daɗe, wannan ai ta girme ni."

"Shekaranjiya na sa sabuwa da hannuna!"

"To ba hannunka ne ya taɓa nan daga ƙarshe ba. Naka ga shi, duk ka ciccije ƙarfen da filaya. Wanda ya yi ɗaurin nan kuwa ya san aiki. Ni kaina sai da na ji kishi."

Inna ta duƙufa tana neman maɓalli a gwangwani, neman da ba ya ƙarewa. Surukar ta matso ta leƙa. Ga robobi uku sababbi ful a kwance cikin maɓallai.

"Inna!"

"Na'am? Maɓallai ne marasa ido."

Mai gyaran famfo ya toshe baki yana tari.

"Me ya sa, Inna?" in ji Likita.

"Kun hana ni shara, kun hana ni girki. Bokiti ɗaya ya rage mini a duniya, shi ma ka zo da filayarka za ka cire kamar haƙori."

Likita ya daɗe yana sosa ƙeya. Matarsa ce ta fara magana. "Inna, famfon kicin ma yana tsiyaya ta ƙasa. Wata biyu ke nan ina roƙon wani."

"Na gani tun ranar da na zo," in ji Inna. Ta miƙe ta ɗauko sifananta, ta zaɓi roba ɗaya daga gwangwanin, ta fara da shawar. "Daga yau barkonona a famfo zai sha, kuma ni zan ɗauki bokitin. Likita, je ka rufe ruwan. Dama ake murɗawa, ba hagu ba."