Ranar da Aka Cusa

"Wata guda ke nan da wucewar ranarku," in ji mai rajista, ta turo katin ta ƙarƙashin gilashi.

Telar da ta kawo mahaifinta asibitin ta tsaya baki buɗe. A bencin da ke bayanta Baba na zaune riƙe da sanda, tun safe ko ruwa bai sa a baki ba saboda aikin yanar ido da za a yi masa.

"Wucewa kamar yaya? Yau ba ashirin da tara ga Maris ba?"

"Mu Fabrairu muka rubuta. Wa ya mayar da biyun nan uku?"

Telar ce da kanta, da bironta na awo. Ranar da aka ba su katin ta duba kalandar shagonta, ta ga Fabrairu ya ƙare a ashirin da takwas, har ta yi wa 'yan asibiti dariya, wai masu ilimi ba su san wata ba. Kalandar bara ce. Ta ƙi cire ta saboda hotunan ɗinkin da ke jiki.

"Innalillahi! Daga ina ranar ta fito?"

"Bana kabisa ce," in ji Baba daga benci. "Kalmar Larabci ce, abin da aka danna aka cusa, kamar yadda kike cusa auduga a matashi. Kowace shekara tana barin 'yar rara, a ta huɗu sai a haɗa a cusa kwana ɗaya. Da ina gani ai da na faɗa miki."

Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mata zafi.

"Layin likita ya cika sai bayan wata shida," in ji mai rajista.

"Wata shida? Baiwar Allah, ɗayan idon ma ya fara rufewa!"

Baba ya lalubo bango ya miƙe, ya fuskanci mai rajista. "'Yata, shekara ma da girmanta an samar wa kwana ɗaya wuri a cikinta. Ni ban kai kwana faɗi ba."

Mai rajista ta daɗe tana kallon littafinta. Babu layi ko ɗaya da ba kowa. Ta ja tsaki, ta matse rubutu ƙanana tsakanin sunaye biyu, ta janyo katin ta rubuta sabuwar rana.

"Laraba, ƙarfe takwas."

Telar ta miƙa hannu da sauri. Matar ta tsallake hannun, ta zagayo ta danƙa wa Baba katin.

"Riƙe da kanka, Baba. Kada ka ba mai ido."